Idan gidan talabijin na jama'a ya hana mutum magana, wa zai kai wa ƙara?

A ranar 17 ga watan Yunin 2019, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan wata shari'a da ta samo asali daga wani gidan talabijin na unguwa a birnin New York.

Alƙalai biyar ne suka rinjayi huɗu. Suka ce ƙungiyar da ke tafiyar da tashar ba hukuma ba ce, don haka wanda ta dakatar ba shi da hurumin kai ta ƙara da sunan ta tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki da kundin tsarin mulki ya tanada.

Tashar kuwa an buɗe ta ne domin talaka ya samu wurin magana. Hukumar birni ce ta sa aka ware ta, hukumar ce kuma ta zaɓi waɗanda za su riƙe ta. Amma da rigima ta tashi, sai hukuma ta ce ba ita ta yi dakatarwar ba, ƙungiya kuma ta ce ita mai zaman kanta ce.

Wannan giɓi shi ne abin dubawa. Yana da kyau a nisanta tashar jama'a daga hannun 'yan siyasa. Sai dai idan aka yi haka ba tare da an rubuta wanda masu tashar za su riƙa yi wa bayani ba, to an raba ta da jama'ar ma gaba ɗaya.

Yadda tashar jama'a take

Gidaje da yawa a Amurka suna kallon talabijin ta waya ne. Kamfani zai ja waya har cikin gida, mai gida ya riƙa biya duk wata.

Wayoyin suna bi ta ƙarƙashin tituna da kan turakun da ke filin hukuma, saboda haka dole kamfani ya nemi izini. A madadin izinin, hukumar gari takan karɓi kuɗi, takan kuma gindaya sharaɗin cewa a ware wasu tashoshi domin amfanin mutanen garin.

Tashoshin iri uku ne. Akwai ta makarantu, akwai ta hukuma wadda ke nuna zaman majalisar gari, sai ta ukun wadda kowane mazauni zai iya kawo shirinsa a saka. Tela ko limami ko ɗalibi ko direban tasi, duk wanda ya bi ƙa'ida ana ba shi lokaci, galibi ma a koya masa riƙe kyamara da tace hoto.

Tunanin ya yi ƙarfi ne a farkon shekarun 1970. George Stoney, wanda ya yi aikin koya wa talakawa ɗaukar fim a Kanada, shi da Red Burns suka kafa wata cibiya a Jami'ar New York a 1971 domin yaɗa wannan tsari.

A 1972 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta wajabta wa kamfanonin da ke manyan birane ware irin waɗannan tashoshi. A 1979 Kotun Ƙoli ta ce hukumar ta wuce iyakar ikonta. Sai a 1984 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta ba hukumomin garuruwa damar neman tashoshin a cikin yarjejeniyarsu da kamfanoni, ta kuma hana kamfanonin tsoma baki a kan abin da ake sakawa.

Dokar ta ɗaure hannun kamfani. Abin da ba ta fayyace ba shi ne wanda zai ɗaure hannun mai riƙe da makullin tashar.

Abin da ya faru a Manhattan

A gundumar Manhattan, birnin New York ya damƙa tashoshin jama'a ga wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, mai suna Manhattan Neighborhood Network, wadda aka fi sani da MNN.

Ƙa'idar jihar New York ta ce a ba mutane lokaci kyauta, wanda ya riga zuwa shi za a fara ba, ba tare da nuna bambanci ba.

A 2012, DeeDee Halleck, tsohuwar mai fafutukar kafafen yaɗa labarai na al'umma, tare da marubucin waƙoƙi Jesus Papoleto Melendez, suka haɗa wani fim. A ciki sun zargi MNN da yin watsi da mutanen East Harlem, unguwar da masu jin harshen Sifaniyanci suke da yawa, inda ƙungiyar ta buɗe sabuwar cibiya.

MNN ta saka fim ɗin. Daga baya ta ce an kawo mata ƙorafi, kuma akwai kalamai a ciki da suka saɓa wa ƙa'idarta ta kare ma'aikata daga tsangwama. Ta dakatar da Halleck na wani lokaci. Bayan wata taƙaddamar da ma'aikatan gidan, sai aka hana su biyun amfani da kayan aiki da tashoshin.

Su kuma suka ce sukar da suka yi ce ta jawo musu hukunci. Suka garzaya kotu.

Kotun farko ta kori ƙarar. Kotun ɗaukaka ƙara a 2018 ta ce tashoshin dandali ne na jama'a, don haka MNN tana tsaye ne a matsayin hukuma. Daga nan magana ta kai Kotun Ƙoli.

Ya kamata a lura cewa Kotun Ƙolin ba ta ce MNN ta yi daidai ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba. Abin da ta yanke shi ne ko kundin tsarin mulki ya shafi ƙungiyar tun farko.

Hujjar kowane ɓangare

Mai shari'a Brett Kavanaugh ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye. Ya ce kundin tsarin mulki gwamnati yake hanawa tauye magana, bai hana mai zaman kansa zaɓar abin da zai saka a dandalinsa ba.

A ganinsa, tafiyar da tashar jama'a ba ya cikin ayyukan da gwamnati kaɗai aka sani da yi tun asali, irin su gudanar da zaɓe. Ya ce ba da lasisi ko kafa wa ƙungiya ƙa'idoji masu yawa ba ya mayar da ita hukuma. Ya ƙara da cewa birnin New York bai mallaki tashoshin ba, bai kuma yi hayarsu ba.

Mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta ra'ayin alƙalai huɗun da suka ƙi amincewa. Ta ce birnin ne ya samo tashoshin a madadin izinin da ya ba kamfani, shi ne ya buɗe su ga kowa, sannan ya naɗa wakili ya riƙe masa. Wanda ya karɓi wakilci, in ji ta, ya karɓa ne tare da nauyin da ke kan wanda ya wakilta shi.

Ta kawo misalin wata shari'a ta 1988, inda kotun ta ce likitan da jiha ta ɗauka kwangila domin duba fursunoni yana aiki ne da sunan jiha. Ma'ana, gwamnati ba za ta sauke nauyinta ba don kawai ta ba wani kwangila.

Hujjar masu rinjaye tana da nauyinta. Da an ce duk mai buɗe dandali ga jama'a ya zama hukuma, da an jefa jaridu da gidajen rediyo da shafuka irin su Facebook da YouTube cikin ruɗani. Shi ya sa manyan kamfanonin intanet suka zuba wa shari'ar ido.

Haka kuma babu tashar da za ta yi aiki ba tare da ƙa'ida ba. Ma'aikacin da ke bayan kyamara yana da haƙƙin a kare shi daga zagi da barazana, ko da mai zagin yana ganin gaskiya ce da shi.

Amma duk da haka, tambayar Sotomayor tana nan. A rikicin Manhattan, wanda aka soka shi ne ya karɓi ƙorafi, shi ya duba, shi ya yanke hukunci. Ko da hukuncin nasa daidai ne, babu wanda zai gamsu, domin ba a ba kura ajiyar nama.

Ba a kuma bar wa 'yan siyasa ba

Wani zai ce mafita ita ce hukumar gari ta karɓe tashar ta riƙe da kanta, tunda ita ana iya kai ta ƙara. Kavanaugh da kansa ya nuna cewa idan gari ya zaɓi tafiyar da tashar ko ya mallake ta, to kundin tsarin mulki zai iya hawa kansa.

Tarihi ya nuna wannan hanya ma tana da ramuka.

A ƙarshen shekarun 1980, ƙungiyar Ku Klux Klan mai aƙidar fifita farar fata ta nemi lokaci a tashar jama'a ta Kansas City da ke jihar Missouri. Kansilolin garin, domin su hana ta, suka kaɗa ƙuri'ar soke tashar baki ɗaya. Aka kai su kotu, daga baya suka janye, aka maido da tashar.

Babu mai hankalin da zai so jin abin da Klan ke faɗa. Amma matakin da kansilolin suka ɗauka ya rufe bakin kowa a garin, har da baƙaƙen fatar da ake son karewa. Kuma ikon da aka yi amfani da shi a kan Klan a ranar, shi ne dai za a iya amfani da shi gobe a kan mai tambayar inda kuɗin gyaran titi ya shiga.

Ɗan siyasa ya san darajar irin wannan tasha. Bernie Sanders, lokacin da yake magajin garin Burlington a jihar Vermont a shekarun 1980, yana da shirinsa a tashar jama'a, inda yake zagayawa da makirfo yana hira da mutane. Babu laifi a nan muddin abokin hamayyarsa ma zai samu irin wannan dama. Matsalar tana farawa ne ranar da mai mulki ya zama shi ke raba lokacin.

Yau darajar tashoshin ta ƙaru. Binciken Jami'ar Northwestern ya nuna Amurka ta rasa jaridu fiye da 3,000 tun daga 2005, mafi yawansu ƙananan jaridun garuruwa. A wurare da dama babu ɗan jaridar da ke halartar zaman majalisar gari ko na hukumar makarantu. Kyamarar tashar jama'a ce kaɗai shaida.

Wanda ke da ikon kunna wannan kyamara da kashe ta yana da iko a kan abin da masu zaɓe za su sani. Shi ya sa rikicin ƙaramar tasha yakan rikiɗe ya zama rikicin siyasar gari: wa za a gayyata muhawarar 'yan takara, wane zama za a nuna kai tsaye, shirin wa za a kai tsakar dare.

Igiyar kuɗi

Hanya mafi sauƙi ta ladabtar da tasha ita ce ta aljihu.

Dokar 1984 ta ba gari damar karɓar har kashi 5 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya samu daga masu kallon talabijin ta waya a yankinsa. A wurare da yawa kuɗin yana shiga baitulmalin gari ne, sannan kansiloli su yanke abin da za a ba tasha. Shugaban tashar da ya san sabunta kwangilarsa na hannun mutanen da kyamararsa ke ɗauka ba ya buƙatar a kira shi a ja masa kunne. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Ga shi kuma kuɗin yana raguwa. Miliyoyin gidaje sun yanke wayar sun koma kallo ta intanet, kuma kason gari yana bin yawan masu biya ne.

Wasu jihohi sun karɓe ikon ba da izini daga hannun garuruwa. Texas ta yi haka a 2005, California ta biyo baya a 2006. A farkon 2009 aka rufe ɗakunan shirye-shiryen jama'a da kamfanin Time Warner ke kula da su a Los Angeles.

A watan Agustan 2019, FCC ta ba kamfanoni damar lissafa wasu hidimomin da suke yi wa garuruwa kyauta a cikin kashi biyar ɗin nan. Garuruwa suka ƙalubalanci matakin, amma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da mafi yawansa.

Tashar da kuɗinta ke ƙarewa takan ƙara jingina da wanda ke ba ta. Mai kawo shiri kuma, wanda dominsa aka kafa ta, shi ne ba shi da kujera a teburin da ake yanke shawara.

Abin da ya kamata a rubuta

Hukuncin 2019 ya rufe ƙofa ɗaya, ta kundin tsarin mulki. Bai hana gari ko jiha yin doka ko rubuta yarjejeniya mai haƙora ba. Jihar Maine ta nuna ana iyawa: a 2019 ta yi dokar da ta hana kamfanoni tura tashoshin jama'a can ƙarshen jeri inda ba mai ganinsu, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dokar a 2021.

Idan ana iya tilasta wa kamfani, to ana iya tilasta wa mai riƙon tasha. Abubuwa biyar ne ya kamata su shiga duk wata yarjejeniya tsakanin gari da ƙungiyar da zai damƙa wa tashar jama'a.

Na farko, hanyar ɗaukaka ƙara da ba ta hannun shugabannin tashar. Wanda aka dakatar ya samu dalili a rubuce, da wa'adin da za a saurare shi, da kwamitin da ba ma'aikatan gidan ne suka cika shi ba. Idan ƙorafin ya shafi sukar tashar ce, shugabanninta su janye daga yanke hukunci.

Na biyu, kwamitin amintattu mai kafa uku. A MNN, a lokacin shari'ar, shugaban gundumar Manhattan yana da hannu a kujeru biyu ne kacal cikin 13, abin da ya taimaka wajen nuna cewa ƙungiyar ba ta gwamnati ba ce. Rage hannun ɗan siyasa abu ne mai kyau. Amma kujerun da ya bari ya kamata wasunsu su koma ga masu kawo shirye-shirye da masu kallo, ta hanyar zaɓe, maimakon mambobi su riƙa naɗa junansu.

Na uku, littafin kuɗi a buɗe. Abin da ya shigo, albashin manya, kwangilolin da aka bayar da rahoton mai binciken kuɗi na waje, duk a wallafa su kowace shekara inda mai wayar hannu zai gani. Zaman kwamitin ma a bar jama'a su halarta.

Na huɗu, kuɗin tasha ya zama kaso tsayayye na shekaru da dama, wanda kansila ba zai iya taɓawa ba don an nuna shi yana gyangyaɗi a zaman majalisa. Idan za a soke kwangila, a faɗi dalili a bainar jama'a.

Na biyar, ƙa'idar lokacin zaɓe a rubuta ta tun kafin a san 'yan takara. Minti nawa kowa zai samu, wa zai jagoranci muhawara, yaya za a yi da shirin mai riƙe da muƙami idan ya tsaya takara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar gyaran kundin tsarin mulki. Majalisar gari ce za ta zauna ta saka su a takarda. Shugabannin tashar da ke aiki da gaskiya su ma kariya ce a gare su, domin ranar da ɗan siyasa ya taso musu, takardar ce za su nuna. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya shafi Najeriya

Najeriya ba ta da irin wannan tsari na tashar da kowa zai kawo shirinsa kyauta. Amma tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ba baƙuwa ba ce.

Gidajen rediyo da talabijin na jihohi da kuɗin jama'a ake tafiyar da su. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana amfani da kafafen gwamnati domin fifita wata jam'iyya, ta kuma ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. Duk da haka, ƙorafin 'yan adawa cewa ba a jin muryarsu a tashoshin jihohinsu ba sabon abu ba ne, kowace jam'iyya ce ke mulki.

A wani fannin ma dokar Najeriya ta taɓo abin da ya gagara a Manhattan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta haɗa har da kamfanoni masu zaman kansu da ke amfani da kuɗin jama'a ko suke yin aikin hukuma. A takarda, wanda ya karɓi amanar jama'a ba zai fake da cewa shi ba gwamnati ba ne.

Tun da aka fara ba da lasisin gidajen rediyon al'umma a 2015, wannan magana ta ƙara zama ta gida. Duk garin da ke shirin buɗe tasha da sunan al'umma, ko da gudummawar ƙaramar hukuma ko ta wani attajiri ko ta ƙungiyar ci gaban gari, ya kamata ya amsa tambayoyi uku kafin a kunna na'ura: wa ke naɗa shugabanni, wa ke duba kuɗi, kuma wa zai saurari wanda aka hana magana.

Halleck da Melendez sun shafe shekaru suna shari'a har Kotun Ƙoli, a ƙarshe aka ce musu sun ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Mai sayar da kayan miya da aka cire shirinsa saboda ya soki shugaban tasha ko kansilan mazaɓarsa ba shi da lauyoyin da za su kai shi can. Abin da zai cece shi shi ne sakin layi ɗaya a cikin yarjejeniya, wanda ya faɗi inda zai je da ranar da za a saurare shi.

Nauyin rubuta wannan sakin layi yana kan hukumar da ta miƙa makullin.